Mayafin kafaɗa mai kusurwa uku: wane zare, ta ina za a fara, wane irin baki?

Mayafin kafaɗa na farko da na saƙa, saura layi huɗu in rufe baki zare ya ƙare mini. Na koma shagon da na saya, mai shagon ya ɗauko wani ƙulli ya rantse cewa daga kwali ɗaya suka fito. A ƙarƙashin fitilar shago ban ga bambanci ba. Sai da na haɗa, na wanke, na shanya a tsakar gida, sannan rana ta tona asiri: jikin mayafin ruwan toka ne mai duhu, bakinsa kuwa kamar an manta shi wata guda a kan igiya. Goggona ta ɗaga shi ta juya, ta ce, "'Yar nan, wannan bakin aro kika yi masa?"

Laifin ba na mai shago kaɗai ba ne. Ni ce na fara daga inda ya kamata in ƙare. Na ga hoto a waya, bakin leshin ya tafi da ni, na sayi zaren da na tarar, na kama saƙa ba lissafi. Haka yawancinmu muke yi. Alhali zaren da hannunki zai iya kaiwa gare shi, shi ne zai faɗa miki irin bakin da zai yiwu, bakin kuma shi zai faɗa miki ta inda za ki fara.

Abin da nake magana a kai shi ne mayafi marar nauyi, wanda bai wuce giram 100 zuwa 150 ba, faɗinsa daga hannu zuwa hannu kamar santimita 150, zurfinsa daga wuya zuwa tsinin baya kamar 70. Ba zai maye gurbin gyale ko hijabi ba, don huji gare shi. Na ɗorawa ne a kafaɗa: da sanyin asubar hunturu, a ofis mai na'urar sanyaya ɗaki, ko a yi wa mai jego ko tsohuwa kyauta.

Zare

Kafin a zo kan irin zare, a fara da kaurinsa. Ki duba takardar da ke jikin ƙulli, ki nemi tsawon zaren da nauyinsa. Siririn da ya fi dacewa da mai koyo shi ne mai kusan mita 400 a giram 100. Wanda ya fi shi sirantaka, na leshi sosai, yana kai mita 800 a giram 100, wani ma ya wuce. A tsarin lambobin da kamfanonin Amurka ke bugawa a takarda, daga 0 zuwa 7, waɗannan su ne lamba 1 da lamba 0. Duk abin da ya kai lamba 3 ko 4, irin wanda muke yi wa jarirai riga da hula, bargo zai ba ki. Zai yi ɗumi, amma ki cire rai da rashin nauyi. Da mita 400 za ki sami ƙarami na wuya. Mai rufe kafaɗa sosai yana son mita 600 zuwa 800.

Abin da muke kira ulu a kasuwa, yawancinsa ba gashin dabba ba ne, akirilik ne, wato zaren roba. In kina shakka, ki tsinki ɗan guntu ki kai masa ashana a kan faranti. Na roba zai narke ya dunƙule ya zama baƙin ƙwallo mai tauri. Na tunkiya zai yi warin babbakar kai, ya bar toka mai murƙushewa a yatsa. Auduga kuma ci za ta yi kamar takarda, ta bar toka mai laushi.

Zaren roba yana da abin yabo, kada a raina shi. Shi ya fi araha, shi ya fi samuwa, asu ba ya cinsa, ana wanke shi da kowane sabulu, launinsa ba ya saurin zuba. Matsalarsa tana wajen leshi. Leshin saƙa idan ya sauko daga tsinke a yamutse yake kamar tsumma, ba ya nuna kansa sai an jiƙa shi an ɗame shi da fil ya bushe a haka. Zaren roba ba ya jin wannan magana. Ki jiƙa, ki ɗame, ki cire fil, sai ya koma yadda yake kamar ba a yi ba. Abin da yake ji shi ne tururi: a ɗame shi, a riƙe dutsen guga sama da shi kamar yatsa biyu, tururin ya ratsa shi. Hujin zai buɗe ya zauna har abada, mayafin ya yi laushi ya zuba a jiki. Amma "har abada" ɗin nan kaifi biyu gare shi. Idan kin ɗame shi a karkace, a karkace zai tabbata. Idan ƙarfen ya taɓa shi, ya narke ke nan. Ga shi kuma ba ya shan gumi, da rana ta ɗaga za ki ji kamar kin yafa leda.

Auduga ita ce 'yar gida, ita ta san yanayinmu. Tana shan gumi, ba ta ƙaiƙayi, za ki yafa ta daga hunturu har farkon bazara. Ki nemi mai sheƙi, wadda aka gyara da hanyar da wani Bature ɗan Ingila, John Mercer, ya gano a 1844. Ita ce ta fi fito da zanen leshi tsaf, kowane huji da iyakarsa. Sai dai auduga ba ta da ja. Zaren tunkiya idan kin ja shi zai miƙe ya dawo, ita kuwa yadda take haka take. Wannan yana nufin abu uku a aikace. Hannu ya fi gajiya, musamman wajen haɗa ido uku, wato madaukan zaren da ke kan tsinke, wuri ɗaya. Duk inda hannunki ya saki ko ya matse, zai fito fili, ba ta rufa wa kowa asiri. Sannan ta fi nauyi, don haka babban mayafin auduga yakan zazzago ya ƙara tsawo da kansa bayan an sha yafawa. Bayan kowane wanki kuma sai an sake ɗame bakin, in ba haka ba haƙoransa su lanƙwashe.

Gashin tunkiya na gaske, musamman na tumakin merino, don shi aka ƙirƙiri wannan aiki. Yana da ja, yana gyara ƙananan kurakuran hannu da kansa idan ya sha ruwa, kuma idan aka ɗame shi ya bushe yana riƙe siffar har wanki na gaba. Mayafin da ya sauko daga tsinke da faɗin santimita 120 zai iya buɗewa ya kai 150. Siririnsa ba ya zafi kamar yadda mutane ke tsoro, don iska na ratsa hujin. Illarsa: tsada, wuyar samu (sau da yawa sai an yi saƙo ko an yi oda ta intanet), asu, da kuma wanki. Ruwan zafi da cuɗa za su dunƙule shi ya koma kamar hular dara, kuma babu dawowa. Idan gidanku irin gidan da yara ke kwashe kaya su jiƙa a baho ɗaya ne, ki yi tunani sau biyu.

Akwai kuma mohaya, wato gashin awakin Angora, da aka haɗa da siliki, wanda ake sayarwa a ƙananan ƙulli na giram 25 mai mita 200 da 'yan kai. A hoto babu kamarsa, kamar hayaƙi. Ban ba mai koyo shawararsa ba. Gashinsa yana sarƙewa da juna, idan kin yi kuskure warwarewa sai an yi da gaske, ƙurar hunturu kuma tana samun masauki a cikinsa. Ga wani abu da ba a faɗa a takarda: a watan Janairu, lokacin da kaushi ya kama yatsu, siliki yana maƙalewa a kowace tsaga ta fata. Sai kin shafa man kaɗanya kin bari ya shige kafin ki taɓa zaren.

In za a bi tawa, ga wadda za ta yafa a Kano ko Zinder ko Sakkwato, siririyar auduga mai sheƙi ko wadda aka gauraya da wani abu mai laushi ita ce gaba. Ga ta Jos ko Mambila, ko wadda za ta aika wa ɗiyarta da ke karatu a ƙasar sanyi, merino. Zaren roba kuma na gwaji ne da na kyautar da kika san za a wanke ta ba tausayi. Ko wanne kika zaɓa, ki sayi duka a rana ɗaya, ki duba lambar rini a takarda ta zama ɗaya, ki ƙara ƙulli guda a kan lissafinki.

Tsinke biyu ko kwarashi

Da yawa cikinmu da kwarashi muka fara, kuma ana yin mayafi mai kusurwa uku da shi ya yi kyau. Ya fi sauri, ido ɗaya ne kawai a kan ƙugiya don haka babu fargabar zubewa, gyara kuskure kuma ja ne kawai. Amma saƙarsa ta fi kauri da tauri, ta fi cin zare, ba ta zuba a kafaɗa kamar ta tsinke biyu. Wadda ke son rashin nauyi na gaske, tsinke biyu za ta kama. Ki nemi mai igiya a tsakani, tsawon santimita 80 zuwa 100, don miƙaƙƙen tsinke ba zai ɗauki ido ɗari uku ba. Kaurinsa ya ɗara abin da takardar zaren ta ce: milimita 3.5 zuwa 4 ga zare mai mita 400. Sakin da wannan ke bayarwa shi ne sirrin laushin. Ga auduga na fi son tsinken gora ko na katako saboda ba ya santsi. Ga merino, na ƙarfe mai tsini.

Ta ina za a fara

A nan ne lissafi yake, kuma a nan na faɗi a karon farko.

Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce farawa daga tsakiyar wuya a sauko. Ana ɗaura ido 3, a saƙa layi 6, a tsinci 3 a gefe da 3 a gindi, su zama 9. Daga nan kowane layi biyu ana ƙara ido 4: ɗaya a kowane gefe, biyu a tsakiya, hagu da dama da ido ɗaya da ke zama kamar ƙashin baya. Ƙarin ana yinsa ne da ɗora zare a kan tsinke, shi ya sa ake ganin jerin huji biyu suna gangarowa a tsakiyar baya. Abin da ke rikita mai koyo shi ne, layin da ke kan tsinkenki ba shi ne saman mayafi ba, shi ne gefuna biyu na ƙasa, masu haɗuwa a tsini. Saman yana ginuwa ne a hankali daga gefunan aikin.

Daɗin wannan hanya, kina iya gwadawa a kafaɗa ki tsaya inda ya ishe ki, kuma duk idanun da za ki yi baki da su suna nan a raye a kan tsinke. Wahalarta kuma ga ta a lamba. Bayan layi 100 kina da ido 209. Bayan layi 150 kina da 309. Jimillar abin da kika saƙa zuwa lokacin ya kai ido 24,000. Layukan farko suna gudu kamar ruwa, ki yi ashirin kafin shayi ya huce, har ki fara cewa mako ɗaya ya isa. Na ƙarshe kuwa kowanne sai ya ci miki kwata na awa ko fiye. Zare ma haka yake tafiya: lokacin da kika ci kashi 70 cikin 100 na layukan, rabin zaren kawai kika taɓa, sauran kashi 30 ɗin su za su cinye ɗaya rabin. Ido yana ganin ƙulli da girma ya ce akwai sauran tafiya, lissafi yana cewa babu. Maganin shi ne ƙaramin sikelin kicin mai nuna giram. Ki auna ƙullin kafin layi da bayan layi, ki san abin da kowane layi ke ci, ki daina dogara da ido.

Hanya ta biyu, farawa daga tsinin ƙasa a hau sama, ana ƙara ido ɗaya a kowane gefe duk layi biyu. Ita ce mafi sauƙi, babu ƙashin baya, babu abin ƙirgawa, ko ana hira ana yi. Idan zare ya kusa ƙarewa sai ki rufe, kin sami kusurwa uku cikakkiya ko da ƙarama ce. Sai dai idan kin gama, idanun da ke raye na saman wuya ne, inda ba a son leshi. Gefuna biyun da ke son baki a rufe suke, sai kin bi su ɗaya bayan ɗaya kin tsinto ido. Kuma layin rufewa yana faɗowa daidai inda ake ja idan an yafa. In ya matse, mayafin zai riƙa tattarewa a wuya.

Hanya ta uku, akwai masu juya ta farkon: su ɗaura ido ɗari uku da wani abu tun farko, su fara da leshin, su riƙa ragewa har su ƙare a wuya. Wahala a gaba, daɗi a baya, kowane layi ya fi wanda ya gabace shi gajarta. Amma girman ya yanke tun ranar farko, kuma in zare ya gaza, rami za ki samu a tsakiyar wuya, wurin da ba ya ɓoyuwa. Ƙirga ido 300 sau uku ana samun amsa uku daban-daban kuma wani gwajin haƙuri ne. Wannan ta gwanaye ce masu bin rubutaccen tsari da zaren da ya wadata.

Hanya ta huɗu ita ce wadda na fi so a ba wa mai zare ƙididdigagge, kuma ba a cika koyar da ita ba: daga gefe zuwa gefe. Ki fara a tsinin hannun dama da ido kaɗan, ki riƙa ƙara ɗaya a gefe guda kawai duk layi huɗu, kina saƙa bakin leshin tare da jikin a layi ɗaya. Ki auna zarenki tun farko. Idan ya kusa rabi, misali saura giram 52 cikin 100, sai ki juya ki fara ragewa yadda kika ƙara, har ki sauka a tsinin hagu. Zare ba zai taɓa yanke miki ba, layi ba ya yin tsawon da zai gundure ki, kuma ranar da kika gama jiki ranar kika gama baki. Abin da za ki sadaukar shi ne zurfi. Siffar tana fitowa doguwa marar zurfi, ta fi kama da abin naɗawa a wuya fiye da abin rufe baya. Ga budurwa mai son ɗorawa a kan abaya, daidai. Ga Hajiya mai son ya sauko mata har kugu, ba zai gamsar ba.

Wata 'yar magana kan jikin mayafin: idan kin saƙa kowane layi da saƙar gaba, zai fito da tudu-tudu kamar kunyoyin gona, ba shi da ciki da waje, kuma yana kwanciya lafiya. Idan kin yi layi gaba layi baya, zai fi santsi da kyan gani, amma gefensa yana nannaɗewa kamar tabarma. Da zaren roba ko auduga, mai kunyoyin ta fi aminci.

Bakin

Mutanen da suka yi suna a wannan sana'a ba su taru a kan hanya ɗaya ba, kuma kowace da dalilinta. Matan tsibiran Shetland a arewacin Sikotland, musamman tsibirin Unst, suna saƙa mayafin da ake zare shi ta cikin zoben aure saboda sirantaka, kuma sun san yadda ake kauce wa taurin baki: kusan babu inda ake ɗaurawa ko rufewa da ƙarfi. Matan Haapsalu, wani gari a gaɓar teku a Istoniya, suna saƙa bakin daban, su ɗinka shi a jiki da allura. Na Orenburg a Rasha, masu aiki da lallausan gashin awaki da siliki, suna tafiya da haƙoran bakin tare da jikin, kamar hanyar gefe zuwa gefe da na ambata. Ke ma zaɓin da ke gabanki bai wuce waɗannan ba, sai ƙari ɗaya.

Mafi sauƙi ga wadda ta faro daga wuya shi ne ta ci gaba kawai: layuka 20 zuwa 30 na ƙarshe su zama leshi. Leshi ba wani sihiri ba ne, ɗora zare ne ya ba da huji, a haɗa ido biyu su zama ɗaya don lissafi ya daidaita. Inda aka ajiye hujin da inda aka haɗa su ne ke zana ganye ko igiyar ruwa. Sharaɗin shi ne adadin idonki ya rabu daidai da zanen. In zanen na ido 10 ne, kowane ɓari ya zama ninkin 10 da abin da tsarin ya ce a ƙara. Ki ɗaura ɗan zare mai wani launi a tsakanin kowane maimaici, don in kin ɓata ki gane a cikin ido 10, ba a cikin 300 ba. Kafin ki shiga leshin kuma ki zura wani siririn zare da allura ta cikin duk idanun da ke kan tsinke ki bar shi a nan. Ranar da abu ya rikice, sai ki zare tsinke ki warware zuwa wannan layin, idanun suna nan a tsare. Raunin wannan baki yana wurin rufewa. Layin ƙarshe in ya matse, duk ɗamewar duniya ba za ta fito da haƙoran ba. Ki rufe da tsinken da ya fi naki kauri, ki saki hannu har ki ji kamar ya yi yawa.

Na biyu, bakin da ake saƙawa a kwance, yana cin idanun jiki ɗaya bayan ɗaya. Ba ki rufe komai. Ki ɗaura sababbin ido kamar 15, ki saƙa su ki dawo, duk dawowa ki haɗa na ƙarshe da ido ɗaya na jikin mayafin. A ganina babu bakin da ya kai shi kyau. Yana da ja ta ko'ina, haƙoransa suna tsayawa da kansu ko da auduga ce, kuma ba ruwansa da ninkin lissafi sosai, ana iya daidaitawa a hanya. Amma kowa ya ci zomo ya ci gudu. Ido 309 na nufin gajerun layuka 618, ana juya aiki a kowanne. Ki ninka da 15, ido sama da 9,000 ke nan, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na dukan zaren mayafin zai tafi a baki kaɗai. A tsinin tsakiya kuma sai kin yi ƙarin layuka a ido biyu ko uku ba tare da kin ci gaba ba, don bakin ya sami yalwar zagaya kusurwa, in ba haka ba zai kumbura kamar kofi. Wadda ke da gajen haƙuri za ta kai rabi ta jefa shi a kwaba ya shekara.

Na uku, a saƙa daban a ɗinka. Amfaninsa shi ne ɗauka: ɗan siririn abu ne da zai shiga jaka, ki yi a mota, ki yi a layin asibiti. In ya ɓaci, shi kaɗai ya ɓaci. In bakin ya tsufa kuma ana iya farke shi a sa wani. Amma ɗinkin yana son hannu. In kin ja zare ya yi ƙarfi, za a ga layi mai tauri a tsakani, in kin yi kuskuren awo kuma ki iso ƙarshe da saura ko da giɓi. Ga mai farawa daga tsinin ƙasa, wannan da na kwarashi su ne suka fi dacewa.

Ƙarin shi ne bakin kwarashi a jikin saƙar tsinke. Masu tsattsauran ra'ayi a sana'ar suna ɗaga masa hanci, ni ban ga laifinsa ba. Ki kama ido uku-uku daga tsinke da ƙugiya, ki yi sarƙa bakwai ko takwas a tsakani, ki bi har ƙarshe: kin rufe, kin yi ado, kuma ba zai taɓa matsewa ba. Awa biyu sun isa. Da zaren roba ma shi ya fi, tunda madaukan sarƙar a buɗe suke tun asali, ba sa jiran ɗamewa. Sai dai in kika zarce kika jera layukan kwarashi masu kauri, bakin zai fi jikin nauyi ya riƙa jansa ƙasa. Kuma madaukan suna son kama ɗan kunne da zobe da marfin ƙofa.

Haɗa su

Idan wannan ne na farkonki kuma abin da kika samu zaren roba ne siriri: fara daga wuya, jiki mai kunyoyi, baki na sarƙar kwarashi, tururi kaɗan a ƙarshe. Idan ƙulli ɗaya tak gare ki na zare mai tsada da aka kawo miki tsaraba, kada ki yi caca da shi, bi gefe zuwa gefe da sikeli a kusa. Idan auduga ce kuma kin taɓa yin leshi, fara daga wuya ki yi baki na kwance, don shi ne ke rufe rashin jan auduga. Merino kuwa duk hanyar da kika bi zai bi ki, amma a leshin ci-gaba ne yake nuna bajintarsa, inda layi 30 na ganye ke buɗewa a ruwa. Haɗin da zan hana ki shi ne zaren roba mai kauri da leshi mai zane da yawa: za ki sha wahalar ƙirga, zanen kuma ba zai fito ba.

In don hunturu kike yi, ki ɗaura idon farko tun ana ruwa, a watan Agusta ko Satumba. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma mai aikin gida da ke samun awa ɗaya a rana za ta ci mako biyar ko shida a kan matsakaicin mayafi mai bakin kwance.

Ɗamewar kanta ba ta son kayan aiki na musamman. Ki jiƙa mayafin minti 20 a ruwa marar zafi, kada ki murɗe, ki naɗe shi a tawul ki taka. Ki shimfiɗa zanin gado mai tsabta a kan katifa. Ki fara miƙe saman ya zama layi ɗaya, in kina da zare mai ƙarfi ki zura ta gefen ki ɗaure shi a fil biyu ya miƙe kamar igiyar shanya. Sannan ki ja tsinin tsakiya ƙasa ki kafe, ki auna hagu da dama da tef su zo ɗaya, sai ki bi haƙoran ɗaya-ɗaya, kowanne da fil ɗinsa. Fil ɗin ya zama marar tsatsa. Na taɓa amfani da na ɗaura ɗankwali, ya bar mini jajayen ɗigo goma sha a farin baki. A cikin ɗaki za ki yi, taga a rufe saboda ƙura, fanka na juyawa. Da iskar hunturu, abin da kika kafe bayan sallar walha ya bushe kafin la'asar. Ki taɓa tsakiyar ki ji babu sanyi ko kaɗan kafin ki zare fil na farko, kuma ki ƙirga su yayin cirewa, don a kan katifar nan wani zai kwana.